Masu Fita Kafin a Ci Jibi

A cocinmu da ke unguwar Karewa a Jimeta, ranar Lahadin farko ta kowane wata, in an gama wa'azi an karɓi baiko, fasto yakan ɗaga hannu ya sa albarka, sannan ya ce waɗanda ba za su ci Jibin Ubangiji ba su sauka lafiya. Maganar da daɗin ji. Amma duk wanda ya taɓa miƙewa a daidai wannan lokacin ya san lafiyar da ke cikinta ba ta da yawa. Yara za su fita da gudu, su ba ruwansu. Waɗanda ba a yi wa baftisma ba su bi bayansu, su ma an san da zamansu. Sai kuma sauran, manya masu baftisma, waɗanda dattawa suka sa a horo, ko kuma zuciyarsu ta kama su da wani abu. Su ne abin kallo. Kowa ya sunkuyar da kai wai yana addu'a, amma ni ban taɓa ganin addu'ar da ake yi da wutsiyar ido ba sai a wannan ranar. Kafin ka kai ƙofa an ƙirga ka, an auna ka, an yanke abin da ka yi da wanda kuka yi shi tare. Har yau haka ake yi, ban kuwa ga alamar za a daina ba.

Na yi shekaru ina wannan tafiyar daga benci zuwa ƙofa, kuma babu dattijon da ya sa ni. Ni na sa kaina.

Iyayena mutanen kudancin Adamawa ne, aikin gwamnati ya kawo babana Jimeta. Nan aka haife ni, a cocin nan aka yi mini baftisma, ina cikin mawaƙa tun ban san ma'anar rabin abin da nake rerawa ba. Da na gama karatu aka tura ni koyarwa can arewacin jiha, wani gari a gindin duwatsu. Maƙwabciyata a can Bafillatana ce 'yar cikin garin Yola, aikin mijinta ne ya kai su, kowa Adda yake ce mata, ni ma na bi. Ranar da masu bindiga suka shigo garin, ina tsaye a tsakar gida da bokiti a hannu, na rasa gabas na rasa yamma. Adda ce ta fizge bokitin ta yar, ta zura mini hijabinta ta ka, ta ja ni muka haye bayan wata a-kori-kura da ta riga ta cika ta batse. A cikin motar akwai malamin lissafi na makarantarmu, Kirista kamar ni, wanda ya riga ya tura matarsa da 'ya'yansa ƙauyen iyayenta tun da aka fara jin ƙishin-ƙishin.

Ba mu yi nisa ba muka tarar an gitta itace a hanya. Masu bindiga suka bi mu ɗaya bayan ɗaya suna tambayar suna. Adda ta ce ni ƙanwarta ce. Wanda ya tsaya a kaina ya ce in faɗa da bakina. Na buɗe baki na faɗi sunan da ba nawa ba, suna irin nasu Adda, muryata ko rawa ba ta yi ba. Wannan rashin rawar shi ya fi komai cin raina daga baya. Da aka zo kan malam, ya faɗi sunansa na baftisma kamar yadda yake faɗa a ko'ina. Suka sauke shi tare da wasu maza. Motar ta tashi, ni ina kallon yatsun ƙafata. Ba a sake ganinsa ba.

Ban ɓoye wa kowa wannan labarin ba, ba ma yadda zan ɓoye shi, saboda irin shigowar da na yi Jimeta. Adda ta sauka a Yola wurin danginta, ta ce in kwana, na ce a'a. Iyayena a lokacin sun koma gida bayan ritaya, don haka inda na sani shi ne coci, can kuma aka ce masu gudun hijira ke taruwa. Na hau keke napep na sauka a bakin ƙofa da la'asar, jiki buɗu-buɗu, ƙafa a kumbure, na manta sam da abin da ke jikina. To a kwanakin nan ko jakar hannu ba a yarda mace ta shiga coci da ita ba, balle a ga mace cikin dogon hijabi ta nufo ƙofa ba ta cewa komai. Mai gadi ya hango ni, ya yar da ɗan ƙarfen da yake binciken mutane da shi, ya ƙwala ihu, "Bom! Bom!" Ranar kuwa ranar zumuntar mata ce, suna ciki suna koyon waƙa. Ƙafa me na ci ban ba ki ba. Tulun da ake kaɗawa ya faɗi ya tarwatse, ƙararsa ta tabbatar musu cewa abin ya tashi. Shugabar zumunta, wadda muke kira Mama, mace mai jiki da ko matakalar bagade sai an riƙe mata hannu, ta taga ta fita, ta bar ɗankwali da takalmi ɗaya a ciki. Ni kuma ina tsaye a fili hannuwa sama ina cewa, "Ni ce, ni ce," babu wanda ya tsaya jin ko ni wace ce.

Da hankali ya dawo aka gane ni, aka ba ni ruwa, aka zagaye ni. Na zayyana duk abin da ya faru ba ragi, don a lokacin ban san akwai abin ragewa ba. Wasu suka yi kuka. Mama tana ɗaura ɗankwalin da aka miƙo mata, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, sannu da zuwa, Hajiya." Aka yi dariya, irin dariyar mutanen da suka ji kunya suna neman wanda za su juye wa. Sunan ya zauna, har waɗanda ba su san dalilinsa ba suka ɗauka.

Bayan 'yan kwanaki na wanke hijabin na goge, na kai wa Adda Yola. Ta rungume ni tana kuka, mahaifiyarta ta kawo mini kindirmo tana sa albarka da Fillanci. Na zauna a bakin tabarma kamar baƙuwar da aka yi wa dole, na gode da baki, na tashi. Gaskiyar magana haushinta nake ji. Matar da ta sa ranta a haɗari saboda ni, ita nake jin haushi, don ta ba ni hanyar tsira kuma na bi. Ta yi ta kirana a waya ina kallo har ta katse.

Watannin da suka biyo baya watannin ba da shaida ne, kowace Lahadi a buɗe fili. Na lura da wani abu. Waɗanda suka kwana a daji, suka binne nasu a hanya, in an miƙa musu abin magana sai su ce sun gode wa Allah, su zauna. Masu dogon bayani 'yan Karewa ne, waɗanda ƙarar bindiga mafi kusa da suka taɓa ji a talabijin ce. Nan za ka ji jarumta. Mama ta fi kowa. Takan dafa ƙirji ta ce, da Hausarta ta Jimeta da ba ta raba mace da namiji, "Ni, in ni ne, sai dai su yanka ni. Mace da ya san Ubangijinsa ba zai canja suna don tsoro ba." Mata su ce amin. Ni ina baya ina tuna takalmi ɗayan nan. Matar da fashewar tulu ta fitar ta taga, wai ita ce za ta miƙa wuya ga wuƙa. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, su kuwa miyarsu ko raguwa ba ta taɓa yi ba.

Na raina ta, har yanzu ma ban gama ba. Amma raini bai hana maganarta shiga ba, domin ba sabon abu ta faɗa mini ba. Abin da take faɗa sau ɗaya a mako, ni safe da yamma nake faɗa wa kaina, da kalmomin da suka fi nata kaifi. Malam ya faɗi sunansa, ni na faɗi na aro. Shi yana wurin Ubangiji, ni ina nan ina cin tuwo ina ƙoshi.

Lahadin jibi ta farko bayan dawowata, da fasto ya sallami masu tafiya, na miƙe na fita. A cikin makon ya aika aka kira ni ofis. Mutum ne mai sanyi. Ya ce dattawa sun zauna ba su ga dalilin horo ba, tsoro ne ya kama ni, kuma ko da musu ne na yi, ai akwai almajirin da ya yi musu Ubangiji ya karɓe shi, har ya ba shi kiwon tumakinsa. Ya ce alherin Allah ba ladan aiki ba ne. Na ce, "Na ji, Baba, na gode." A raina kuwa cewa nake, ai aikinka ke nan, me za ka faɗa dama in ba haka ba. Wata na zagayowa na sake fita.

A bayan coci akwai wani dogon yaro, nan masu fita ke jiran 'yan gidansu. Akwai wani tsoho mai mata biyu da ya yi furfura a gindin bishiyar, har 'yar kujerarsa yake zuwa da ita. Akwai wata mai dafa burkutu, wadda ba ta fashin sujada kuma ba ta fashin sana'a. Su biyun hira suke yi su ci gyaɗa, in an ɗauki waƙar jibi a ciki tsohon ya bi a hankali. Ni ba na zama da su. Can gefe nake tsayawa a rana in harɗe hannu, don nawa laifin ba irin nasu ba ne, nawa babba ne, na manya. Ka ji fa. Ko a cikin masu zunubi sai da na nemi kujerar gaba. Mai burkutun ta taɓa miƙo mini gyaɗa, na ce ina azumi. Ta ce, "To Allah ya karɓa, Malama," ta watsa a bakinta.

Azumin kuwa gaskiya ne, na yi shi har wuyana ya koma kamar mariƙin lema. Na bar mawaƙa. Na karɓi wankin bayan gidan coci ba wanda ya roƙe ni, ina gogewa ina jin wani daɗi mai ɗaci, irin na mai taɓa haƙorin da ke ciwo da harshe. Wani malami a makarantar da aka mai da ni ya nuna yana so na, mutumin kirki, na kore shi, wai ban cancanci farin ciki ba. Ni ce 'yar sanda ni ce alƙali, kullum shari'ar ɗaya ce kuma hukuncin ɗaya. A lokacin tawali'u nake kiran wannan.

Ana nan sai matar malamin lissafi ta zo Jimeta da 'ya'yanta, ƙauyen iyayenta ma bai zaunu ba. Ta kama ɗaki ɗaya a bayan Karewa, ta fara sarin alayyafo da tumatir da kuɓewa wurin masu lambu a bakin tafkin Njuwa, tana kasawa a mararrabar layinmu. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, ta girme ni da 'yan shekaru, Anti nake ce mata. Ikilisiya ta karɓe ta hannu bibbiyu, matar wanda ya mutu saboda sunan Ubangiji ai ado ce. Mama ta ba ta wuri a bencin gaba kusa da ita, in baƙi sun zo daga wani coci a tashe ta tsaye a nuna ta kamar sabon janareta.

Anti ce ta neme ni tun makon farko. Ta zo ɗakina ta ce an gaya mata muna mota ɗaya da mijinta. Na faɗa mata komai, har sunan da na ara, ina jira ta tofa mini yawu. Ta tambaye ni wace riga ce a jikinsa, na faɗa. Ta tambaya ko ya samu ya ci wani abu da safen, na ce ban sani ba. Ta ce ta gode, ta tafi. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Daga ranar na daina bin mararraba, in zan sayi tumatir sai in hau keke har babbar kasuwa. A coci kuwa tana gaba ina baya, shi ke nan.

Haka muka yi ta tafiya har abin ya lafa, mutane suka fara komawa garuruwansu, aka daina binciken jaka a ƙofa. Kowa ya saba da ganina a gefen dogon yaro kamar yadda aka saba da tsohon.

Wata Lahadin jibi, fasto ya sallame mu, na fita na tsaya a wurina. Sai na ga tsohon ya daina tauna gyaɗa. Na juya, ga Anti ta fito cikin zanen zumunta, ta ratso cocin tun daga bencin gaba a kan idon kowa. Ta zo ta tsaya kusa da ni a rana.

Na ce, "Anti, lafiya? Jikin ne?"

Ta ce, da Hausarta irin ta Mama mai mai da kowa namiji, "Lafiya lau. In kai ba ka ci, ni ma ba na ci."

"Anti, ki koma ciki don Allah. Ni da ke ba ɗaya ba ne."

"Gaskiya ne, ba ɗaya ba," in ji ta. "Ni mijina ya mutu. Kai wa ya mutu maka? Tun da na zo garin nan ina ganinka da fuska kamar kai ne gwauruwa. Makokin ma ka ƙwace mini."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ba ta san abin da nake ji ba. Ta ce ba ta sani ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta ja zanenta ta zauna a kan saiwar bishiya, ta karɓi gyaɗa wurin mai burkutu. Na ce a raina, wata ɗaya ne, za ta gaji.

Ba ta gaji ba. Wata ya zagayo ta fito, wani ya zagayo ta fito. Masu addu'a da wutsiyar ido kuwa suka samu abin yi. Gwauruwa mai sauran ƙuruciya ta daina cin jibi da kanta, ai ba sai an je duba ba. Ruwa ba ya tsami banza, in ji su. Kafin a ce me an samo mata namiji, mai keken da ke kawo mata kaya daga Njuwa, bawan Allah da ya kusa haifarta. Waɗanda jiya suke tashe ta tsaye a gaban baƙi, su ne yau ke cewa dama tun farko sun ga idonta a buɗe yake. Mama ta ɗora jakarta a wurin da Anti ke zama. Dattawa suka kira Anti, ta ce musu ba ta yi komai ba, dalilin fitarta kuma tsakaninta da Allah ne. Wannan amsar a kunnensu daidai take da amsa laifi. Matan coci, waɗanda su ne rabin masu sayen kayanta, suka gano cewa tumatirin wata can gaba ya fi kyau.

Na ga ba zan iya ba, na tafi gidan Mama, karo na farko da ƙafata ta taka gidan. Na same ta a falo ƙarƙashin fanka, na ce mata saboda ni Anti ke fita, babu wani namiji a cikin maganar. Ta saurare ni har ƙarshe tana gyaɗa kai kamar mai tausayi. Sannan ta ce, "Hajiya, ka yi ƙoƙari. Amma mai laifi shi ne yana rufa wa mai laifi asiri. Wane mutum mai hankali zai bar teburin Ubangiji saboda wani?" Na fito ina huci. Tambayar kuwa, duk da bakin da ta fito, ta bi ni har titi.

Daga nan mararraba na nufa. Anti na zaune tana yayyafa wa alayyafo ruwa, tumatirin jiya ya fara laushi a faranti, ƙudaje na binsa. Ko gaishe ta ban yi ba.

"Anti, kin ji abin da ake faɗa a kanki?"

"Na ji. 'Yata ma ya ji a makaranta, ya zo ya gaya mini."

"To ki daina mana! Wa ya sa ki? Ni na roƙe ki?"

"Ba ka roƙe ni ba."

"Suna ɓata miki suna a banza, ga kaya na ruɓewa. Ki bar ni da abina, ni ban isa in ci ba."

Ta ajiye kwanon ruwan. "Wa ya isa? Mama ya isa? Ni na isa? Kana tsammani ban yi fushi da Allah ba tun da suka ɗauke shi? Na yi fushi, na gaya masa maganganu, na je na ci, don yunwa nake ji. Abincin ba naka ba, ba nawa ba. Mai gida ya ce a ci, kai ka tsaya a ƙofa kana gaya masa wanda ya dace."

Muna cikin haka wata 'yar zumunta ta zo wucewa da kwando, ta dube mu, ta ɗauke kai, ta wuce wurin ta gaba. Anti ta bi ta da ido, ta ɗauki tumatir ɗaya da ya fashe ta jefa a kwata.

Tun ina makarantar Lahadi nake jin cewa marar laifi ya ɗauki kunyar masu laifi, ya bar wurinsa ya fito bayan gari aka lissafta shi cikin mugaye. Na rera shi a waƙa, na koyar da shi ga yara. Ban taɓa ganin abin da ido ba sai ranar, a bakin kwata, a jikin mace mai sayar da alayyafo. Mama ta tambaya wane mai hankali zai bar teburi saboda wani, alhali duk addinin da take shugabanci a cikinsa a kan wanda ya yi hakan aka gina shi. Amma ban samu sukunin yi mata dariya ba, don abin ya juyo kaina. Laifi tudu ne, na taka nawa shekara da shekaru ina hango nata. Ita tana ganin ta isa ta ci saboda tsabtarta, ni ina jiran ranar da azumi da wankin bayan gida za su sa in isa. Hanyarmu ɗaya ni da ita, bambancin kawai ita tana ganin ta riga ta kai. Kyauta ce ba na so, tun daga ta Adda har ta Allah. Ya ce ya yafe, ni na ce a dakata sai na duba, kamar kotun tawa ta fi tasa girma. Na ji kunya a ranar, amma wata iri dabam, ba mai sa mutum ya tsaya a rana yana harɗe hannu ba. Na koma ɗaki na durƙusa, addu'ar ba ta da tsawo. Na ce, Ubangiji, na yi musunka, ka sani, ba ni da abin da zan gyara da shi, in har haka nan kake bayarwa to ga hannuna.

Ba zan ce na tashi na ji sakayau ba. Masu ba da shaida su ne ke jin kaya ya faɗi daga kansu nan take, ni ban ji ba. Da safe muryar nan ta cikin raina ta dawo ta ce malam ya faɗi sunansa. Na ce mata haka ne, ya faɗa, ni ban faɗa ba, kuma Almasihu ya mutu saboda wannan ma. Har yau takan zo, amsar da nake ba ta ke nan, ba ni da wata.

Lahadin jibi ta zo. Fasto ya sa albarka ya sallami masu tafiya, gwiwoyina suka motsa da kansu don sabo. Anti, wadda ta koma tsakiyar coci tun da jaka ta gaje wurinta, ta riga ta tattara zanenta za ta miƙe, sai ta waiwayo. Na riƙe bakin benci da hannu biyu na zauna daram. Ta ɗan tsaya a haka, rabi a tsaye, sannan ta koma ta zauna.

Aka ce waɗanda suka rage su matso gaba a cike benci. Anti ta zo ta kama hannuna kamar mai kai yaro allura, ta ja ni, ba ta tsaya ba sai bencin gaba. Ta ɗauki jakar Mama ta ɗora mata a cinya, ta zaunar da ni a wurin, ita ta zauna a gefena. Mama ta ja zanenta don kada ya taɓa nawa.

A wurinmu dattijo ba ya bin mutane ɗaya-ɗaya. Yakan miƙa farantin gurasa ga na bakin benci, shi ya ɗauka ya miƙa wa na kusa da shi, har ya kai ƙarshe. Mama ce a bakin benci. Ta ɗauki nata, ta riƙe farantin, ta dubi dattijo, dattijo ya dubi rufin kwano. Ba ta da inda za ta kai shi. Ta miƙo mini, na karɓa daga hannunta. Ban ji na cancanta ba ko kaɗan. Na ɗauka, na juya wurin Anti, sai na kasa sakin farantin. Hawaye suka rufe mini ido, ina so in ce mata wani abu game da mijinta, game da sunanta da aka ɓata.

Ta ja farantin daga hannuna ta ɗauki nata. Ta ce ƙasa-ƙasa, "Ci mana. Wata nawa ka bar ni da yunwa."

Na ci.